Jitar da Ta Haɗiye Safa

Ranar da Mai Jita ya tashi sayen jita, kurma ya ɗauka ya raka shi zaɓe. Abokansa sun daɗe suna yi masa tsiya a kan haka, shi kuwa ko a jikinsa, don kurman nan mahaifinsa ne, tsohon kafinta da ya ƙarar da ƙarfinsa tsakanin zarto da injin yankan katako. Injin ne ya cinye masa kunne, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta kai sai ka tsaya a gabansa ya kalli bakinka kafin ya san me kake faɗa. An taɓa saya masa 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a kunne, ya ce fito take yi masa, ya jefa ta a durowa bai sake bi ta kanta ba. Amma hannunsa yana nan garau. Baba zai shafa ƙofa sau ɗaya ya gaya maka ko wanda ya yi ta mai haƙuri ne.

A shagon kayan kiɗa jitocin lantarki suna rataye a bango, sirara, masu ƙyalli, ja da baƙi da shuɗi. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya dafa tafin hagunsa a jikin kowace, ya ƙwanƙwasa da yatsun dama. Da yake ba ya jin ƙarfin muryarsa, duk hukuncin da ya yanke har masu wucewa a titi sai sun ji.

"Wannan ai katakon yanka albasa ne aka ɗaura wa tsirkiya!"

Mai shagon ya yi murmushin yaƙe, ya ce yawanci haka ake yin su yanzu, katako ne curi guda, babu rami a ciki. Baba bai ga bakinsa ba, don haka bai ji ba. Ya wuce can lungu inda wata ƙatuwa take jingine, mai tumbi, launin zuma, da tsaga biyu masu lanƙwasa a fuskarta. Ita cikinta wayam yake, iska ce kawai a ciki. Ya dafa, ya ƙwanƙwasa, sai ya tsaya. Ya sake ƙwanƙwasawa. Ya juya ta ya bi gefenta da babban yatsa, ya leƙa ta tsagar, har da shinshinawa.

"Fentin an yi ha'inci," ya ce. "Waɗannan kunnuwan ɗaure tsirkiya ma na arha ne, za ka sauya su wata rana. Amma wanda ya haɗa wuyan nan da jikin, ya ci ya ƙoshi kafin ya fara aiki. Ɗauki wannan."

Mai shagon mutumin kirki ne, bai ɓoye komai ba. Ya ce kamfanin da ya yi ta ba wani sananne ba ne, shi ya sa ba ta yi tsada ba, kuma irin waɗannan masu rami suna da hali ɗaya: in aka cika musu sauti sai su yi kuka. Mai Jita ya gyaɗa kai, amma maganar ta bayan kunnensa ta bi, domin ya riga ya jona ta da sifika ya ja tsirkiya. Muryar da ta fito mai kauri ce, mai ɗumi, ba tsini ba kaifi, kowane sauti sai ya ɗan tsaya ya yi numfashi kafin ya wuce. Ya cire wayar ya sake ja, ta amsa da kanta ba tare da wuta ba. Daga nan ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai fita shagon ya bar ta ba.

Matarsa ce ta raɗa mata suna. Malamar makaranta ce, a gida kuwa Shugaba yake ce mata, kuma ba duka ne wasa ba. Ta kalli jitar, ta kalli cikin mijinta.

"Sannu, ka samo 'yar'uwarka. Tulu biyu ke nan a gidan nan."

Mai Jita ya yi kamar bai gane ba, sunan dai ya bi jitar.

Tun daga lokacin gidan ya samu sabon tsari. Kullum da yamma Mai Jita zai zauna a doguwar kujerar falo ya jona Tulu da 'yar ƙaramar sifikarsa. Baba zai jawo kujerar katako da ya ƙera da hannunsa ya zauna a damansa, ya shimfiɗa tafinsa a kan faffaɗan tumbin jitar, ya rufe ido. Katakon yana rawa da kowane sauti, rawar tana shiga hannun tsohon. Ba a jima ba ƙafarsa ta fara bin kiɗa. Da tafiya ta yi tafiya ya san waƙoƙin ɗansa ɗaya bayan ɗaya, har ya fara gyara.

"Ka yi gaggawa a tsakiya."

"Baba, haka waƙar take."

"Ban ga me ka ce ba. Sake."

Yabo kam ba ya cikin kayan aikin Baba. Bai taɓa yabon kujerar da ya yi da kansa ba, ballantana kiɗan wani. Duk da haka Mai Jita ba shi da lokacin da yake so a yini kamar wannan. An ɗauki shekaru hirarsa da mahaifinsa ba ta wuce nuni da ɗaga murya da "me ka ce?", sai ga shi yanzu suna zama su daɗe ba wanda ya gaji da wani.

Ban da 'yan darussan da yake koyarwa, abin da ke riƙe da Mai Jita shi ne kiɗan rana a wani gidan abinci duk ƙarshen mako. Su uku ne: shi, da wata mai waƙa mai sanyin murya, da mai ganga da ake kira Guduma, wanda bai ci sunan a banza ba. Wurin ɗan ƙarami ne, labule ko'ina, da darduma a ƙasa, Tulu tana magana a hankali kowa yana ji. Sai kasuwa ta buɗe wa mai wurin, wata mata mai kaifin ido da kowa ke kira Manaja. Ta rushe bango ta haɗe da shagon maƙwabta, ta naɗe darduma ta sa tayil, ta cire labule ta sa gilashi, ta sayo manyan sifika guda biyu, ta ce tana so na teburin ƙarshe ma ya san da kiɗa a gidan.

Ranar farko Mai Jita ya murɗa sauti, Guduma ya saki hannu, shi kuma ya ƙara murɗawa don a ji shi. Suna tsakiyar waƙa mai taushi sai Tulu ta buɗe baki. Da gurnani ta fara, can ƙasa, kafin ka ce me ta koma kururuwa mai huda kai. Abin ba wani sihiri ba ne: sautin da ya fito daga sifika shi ke komawa ya shiga ramin cikinta, ya girgiza katako, katako ya girgiza tsirkiya, tsirkiya ta mayar wa sifika, a yi ta zagaye har abin ya fi ƙarfin kowa. Amma je ka yi wa mai cokali a baki wannan bayani. Wani jariri ya tsala ihu, mai kai abinci ta saki faranti, wani dattijo ya ƙware da ruwa ana ta bubbuga masa baya.

Manaja ta yi haƙuri ranar, ta yi haƙuri washegari. Da aka maimaita a mako na gaba, ta ja shi gefe, murya ƙasa-ƙasa, fuska ba wasa.

"Malam, jiniya ta 'yan kwana-kwana ce, ni abinci nake sayarwa. Ko ka sauya jita, ko in sauya mai jita."

Ya koma shagon kayan kiɗa jiki a sanyaye. Mai shagon ya ce abu mai sauƙi, ya kawo Tulu a yi musaya, ya ɗauki ɗaya daga cikin na bango, su ko a filin ƙwallo ba sa kuka. Riƙe jita biyu kam Mai Jita ba zai iya ba, wannan shi da aljihunsa sun sani. Ya karɓi wata ja ya rungume, ya ja tsirkiya, ya dafa tafinsa a jikinta kamar yadda Baba ke yi. Kusan babu abin da ya taɓa hannunsa. Ya mayar da ita inda take, ya yi godiya ya fita. In ya rabu da Tulu, da me tsohon zai ji shi?

Guduma ne ya kawo shawara, shawarar mai ganga kuwa ka san inda za ta dosa.

"Toshe mata ciki mana! Mu ma in babbar ganga ta cika surutu, matashin kai muke cusa mata. Nemi soso ko tsumma ka tura ta tsagar nan, shi ke nan ka huta."

Matashin kai dai ba zai shiga tsagar da da ƙyar take ɗaukar yatsa ba. Mai Jita ya dawo gida yana tunanin abin da zai shiga, ya tarar Shugaba ta kwaso shanya ta zube a kan gado ta shiga kicin. A saman tulin ga safarsa baƙa. Ya kalli safa, ya kalli Tulu. Da gindin cokali ya tura ta, ta shige sumul kamar dama don haka aka saƙa ta.

Asabar ta zo, kukan ya ragu amma bai tafi ba, don haka ya ƙara. A nan ne ya fito da wata hikima da har yau yake ganin ba a yaba masa yadda ya kamata ba: ba ya ɗaukar safa ƙafa biyu. In ƙafa biyu suka ɓace, an san hannu ne ya ɗauka. In ƙafa ɗaya ce, ai wannan kowane gida ana yi, ba wanda ake tuhuma. Ya gama da nasa, ya shiga na yara na makaranta, farare sirara, waɗanda ya gano sun fi dacewa da ɓangaren ƙananan tsirkiya. Masu kauri na lokacin sanyi kuma ya tura su can ɓangaren manya. Duk sanda Manaja ta ce a ƙara sauti, sai wata safa ta yi ɓatan dabo a gida.

Shugaba ta rasa gane kan abin. Ta zargi injin wanki, ta sa aka kwance shi ba a samu ko zare ba. Ta zargi iska, ta koma shanya a cikin ɗaki. Ta zargi kyanwar maƙwabta, har gaisuwarta da matar gidan ta ɗan yi tsami.

"Abban yara, wannan abu ya fara ba ni tsoro. A ce kullum ƙafa ɗaya? Ko ɓera ne ai sai ya yi kuskure wata rana ya haɗa biyu."

"Ikon Allah," in ji Mai Jita. Ya durƙusa da tocila yana taya ta leƙen ƙarƙashin gado, fuskarsa cike da jimami.

A wurin aiki kuwa komai ya daidaita. Tulu ta yi ladab, Manaja ta dawo tana gaishe shi da fara'a, har tana aiko musu da lemo. Gaskiya muryar ta ɗan bushe, numfashin nan ya ragu, amma cikin ƙarar cokula da hannun Guduma wa zai lura? A gida ma in ya jona ta da 'yar sifikarsa, kunnensa yana jin kiɗa yadda ya saba, ko kusa da haka. Ya riƙe aiki, ya riƙe Tulu, Baba bai rasa wurin dafawa ba. Har tafiyarsa ta sauya don jin kansa mai wayo. Bai taɓa kawowa a ransa cewa shi da kunne yake ji ba, na kusa da shi kuwa da hannu.

Da farko Baba ya riƙa danna hannun fiye da da. Daga baya ya riƙa matsar da shi, sama, ƙasa, gefe, kamar mai laluben makunnin fitila a bango. Wata rana ya ɗauke hannun ya murza shi a gwiwa, ya hura masa iska, ya mayar. Wata rana ya gwada na hagu. Ƙafar ta daina bin kiɗa. Gyaran ma ya tsaya, babu "ka yi gaggawa", babu "sake". Mai Jita, bawan Allah, ya ɗauka hannunsa ne ya faɗa har tsohon ya rasa abin kushewa. Ya ma gaya wa Guduma haka, Guduma ya ce shi dai bai ji bambanci ba.

Sai wata yamma ya jona jita ya jira, kujerar katako ba kowa. Ya leƙa ɗakin Baba ya same shi zaune a bakin gado yana kallon taga, hannayensa biyu a buɗe a kan cinya. Ya tsaya a gabansa ya yi masa nuni da kiɗa.

"Na gaji yau. Je ka yi abinka."

Gobe ma haka, jibi ma haka. Abin ya sosa wa Mai Jita rai ba kaɗan ba. Shi da ya ƙi rabuwa da jitar nan saboda mutum ɗaya, ya zama ɓarawon safa a gidansa saboda mutum ɗaya, sai mutumin ya ce ya gaji? Ya yi fushi irin na 'ya'ya, wanda ba a furtawa. Ya riƙa kiɗansa shi kaɗai da ƙofa a buɗe ko za a fito, ba a fito ba.

Shugaba ce ta fasa ƙwan. Wata rana ta dawo tare da Baba, su biyu cikin kayan fita, tsohon ya wuce ɗakinsa kai tsaye. Ta ja mijinta kicin ta tura ƙofa.

"Ya ce kar in gaya maka, amma ni ba zan iya riƙe wannan ba. Daga asibiti muke."

"Me ya same shi?"

"Likita ya ce bai ga komai ba. Ya tsira masa allura a yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya sa shi ya rufe ido ya taɓa auduga, ya taɓa ƙarfe, duk ya ji. Amma Baba bai yarda ba. Ka san me ya ce wa likitan?" Ta dubi mijinta. "Ya ce yadda kunnen ya tafi, haka hannun yake tafiya, yau kaɗan gobe kaɗan. Ya ce da yana jin kiɗan ɗansa har cikin kafaɗa, daga baya ko ya danna sai ɗan motsi can nesa, ranar ƙarshe kuma bai ji komai ba. Ya ce ya san hanyar, ya taɓa bin ta."

Mai Jita ya buɗe ƙofar kicin. Ya fita falo ya ɗauki Tulu, bai jona ta da komai ba. Ya ja tsirkiya duka shida, ya dafa tafinsa inda Baba ke dafawa. Kamar ya dafa katifa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ga tausayin tsohon da ya yi makonni yana kallon hannunsa shi kaɗai. Ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

"Shugaba, ba ni wayar rataye riga. Ki kira min Baba."

"Wayar rataye riga kuma? Ana maganar asibiti?"

"Ki dai kira shi. Ke ma ki zauna. Kuma don Allah ki bari in gama kafin ki fara."

Baba ya fito ba da son ransa ba, ya tsaya a bakin ƙofa. Mai Jita ya miƙar da wayar ya lanƙwasa bakinta ya zama ƙugiya. Ya kwantar da Tulu a cinya, ya zura ta tsagar sama, ya yi ta lalube, ya jawo. Wata farar safa ta leƙo, ta fito a yamutse. Ya ajiye ta a tebur ya sake zurawa.

Shugaba ta buɗe baki ba ta rufe ba. Wata ta fito, wata ta biyo, ga mai ratsin ja, ga mai hoton agwagwa.

"Ta makaranta!" ta ce. "Wadda na hana yarinya kallon talabijin a kanta!"

"Na ce ki bari in gama."

"Injin wanki na sa aka kwance! Kyanwar mutane na yi wa ƙazafi! Kai kuma kana riƙe min tocila kana ikon Allah!"

Ya ci gaba da kamun kifinsa, gumi na bin wuyansa. Ya gama da tsagar sama ya koma ta ƙasa. Tebur ya cika. Can ƙarshe, da ƙyar da girgizawa, wata ruwan ƙasa mai kauri ta fito, da faci a diddige. Baba ya tako ya ɗauke ta, ya juya ta, ya kalli facin da shi da kansa ya ɗinka.

"Wannan tawa ce," ya ce.

Mai Jita ya ɗaga Tulu ya leƙa, ba abin da ya rage. Ya gyara zama, ya jawo kujerar katako da ƙafa, ya nuna wa Baba. Tsohon ya zauna, amma hannun bai taso ba, yana nan a kan cinya. Tsoro yake ji, duk wanda ya kalle shi ya san haka. Sai da ɗan ya kama wuyan hannun ya ɗora shi da kansa, sannan ya ja babbar tsirkiya ya bar ta ta yi ta amo.

Kafaɗar Baba ta zabura. Ya rufe ido. Mai Jita ya shiga waƙar nan da ake ce masa yana gaggawa a tsakiyarta, ya kaɗa ta a hankali. Bai kai rabi ba ya ji an kama masa kunne an murɗe, shi da furfura ta fara fito masa a gemu.

"Shashasha! Kai ka sa aka sossoka min allura a yatsu?"

Hawaye na zuba a fuskar tsohon, hannu ɗaya na riƙe da kunne, ɗayan bai bar jitar ba. Shugaba ta juya tana tattara safa a tebur, tana share ido da bayan hannu.

"Ƙara masa, Baba," ta ce, ta manta ba ya ganin bakinta. "Kai kuma, 'yan'uwansu duk na yanka na yi tsumman goge-goge. Sai ka san yadda za ka yi da ƙafa ɗaya-ɗaya."

Da ƙura ta lafa Baba ya nemi bayani. Wane mai hankali ne zai samu akwati mai numfashi ya shaƙe shi da safa? Mai Jita ya tsaya a gabansa ya yi bayani da baki da hannu: babban ɗaki, manyan sifika, kuka, Manaja, kora. Cusawa da cirewa duk mako ba za su yiwu ba, yau ma saura kaɗan ƙugiyar ta tsinke wayoyin ciki. Ya ce Asabar haka zai je da ita wayam, in ta yi kuka a sallame shi, ya nemi wani wurin.

"Kuka? Nuna min."

Ya jona 'yar sifikar, ya murɗe ta har ƙarshe, ya juya fuskar Tulu gare ta. Shugaba ta toshe kunne ta gudu kicin. Gurnanin ya fara tasowa, sai kuma ya mutu tun bai zama ihu ba. Mai Jita ya duba, ya ga Baba ya danne tumbin da tafi. Tsohon ya sassauta, gurnani ya dawo, ya danna, ya tafi. Ya yi haka ya sake, fuskarsa kamar ta yaron da aka ba sabon abin wasa.

"Kafin ta yi abin da kuke ji ɗin nan, sai ta fara rawar sanyi," ya ce. "Ni nake fara sani. Katako in ya fara rawa ai dafa shi ake yi, ba shaƙe shi ba. Yaushe kuke tafiya ranar Asabar?"

Ranar Asabar tun da safe Baba ya goge rigarsa da kansa, ya sa takalmin fita. Safar dama ruwan ƙasa mai faci, ta hagu baƙa, don abin da gidan ya mallaka ke nan. Suka shiga gidan abincin, ɗa da jita a baya, uba da kujerar katako a hannu. Manaja ta tare su.

"Malam, jitar dai na san ta. Baban nan fa?"

"Mahaifina ne. Shi ne mai hana ta kuka."

Ta kalli tsohon, ta kalli safarsa, ta rusuna ta gaishe shi, sannan ta juyo ga ɗan. "Kuka ɗaya. Ka dai ji na faɗa."

Wuri ya cika. Guduma ya buga sandunansa, mai waƙa ta ɗauka, Mai Jita ya murɗa sauti ya shiga. Tulu ta yi magana da muryarta ta ranar farko, mai kauri, mai ɗumi, ta cika ɗakin har teburin ƙarshe. Mai waƙar ta waiwayo ta ɗaga masa gira. Da suka zo inda Guduma ke sakin hannu, Mai Jita ya ji ɗan gurnani a haƙarƙarinsa, kafin ya firgita har an danne shi. Sau ɗaya ne wani ɗan fito ya kuɓuce, siriri. Manaja ta ɗago kai daga nesa, da ba ta ji na biyu ba ta koma harkarta.

Mai Jita ya saci kallon damansa. Idon Baba a rufe, ƙafar mai baƙar safa tana dukan tayil. A gida 'yar sifika ce, kiɗan ɗansa kawai ke shiga katakon. Nan kuwa duk abin da manyan sifikan suka fitar yana komowa cikin Tulu, ganga da murya da komai, yana hawa hannun tsohon.

Waƙa ta ƙare. A ɗan shirun nan da ke zuwa kafin tafi, Baba ya buɗe ido ya yi magana da muryarsa da ba ta san ƙasa-ƙasa ba, har na teburin ƙarshe ya ji.

"Ka yi gaggawa a tsakiya."

Dariya ta ɓarke, Guduma har da kifa kai a kan ganga. Baba bai san ana yi ba, ɗansa kawai yake kallo.

"Amma na ji ka. Tun daga farko har ƙarshe na ji ka."

Mai Jita ya sunkuyar da kai ya kama kunnen wata tsirkiya da ba abin da ya same ta, ya yi ta gyarawa, ya daɗe yana gyarawa. Hannun Baba yana nan a kan Tulu yana jiran waƙa ta gaba.